Na sha wuya da wuyana

A sallar asuba na gane akwai matsala. Liman ya yi sallama, na juya dama zan bi shi, sai wuyana ya tsaya a rabin hanya kamar an sa masa sakata. Na gwada hagu, nan ma haka, har da wani zafi da ya taso daga ƙeya ya gangara allon kafaɗa. Dole na juya da ƙirjina gaba ɗaya. Maƙwabcina da ke gefe ya dube ni ya ce, "Malam, kwanciya ce ba ta yi daidai ba?" Na ce ina jin haka ne. Ko kaɗan ban kawo abin da ya faru jiya a raina ba, domin a wurina bai ma kai a kira shi haɗari ba.

A Fabrairun 2025 ne, saura kamar mako uku a ɗauki azumi. Na taso daga makarantar da nake koyarwa wajen ƙarfe biyu da rabi, danja ta tsayar da mu a kan titin Zariya a nan Kano. Ƙafata na kan birki, na karkata kai ina kallon wani yaro mai tallar lemo, sai ji na yi gwaf daga baya. Wata 'yar kurkura ce ɗauke da ruwan leda, birkinta bai ci da wuri ba. Kaina ya yi baya ya dawo gaba, hulata ta faɗo kan sitiyari. Shi ke nan. Bamba ta lotse, fitilar baya ɗaya ta fashe, but ya ƙi rufuwa.

Kafin ka ce kwabo mutane sun taru. Direban yaro ne matashi, ya fito jiki na ɓari yana cewa, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, wallahi birki ne." Kowa motar yake dubawa, har da ni. Wani dattijo ne kaɗai ya tambaye ni ko na ji ciwo. Na miƙe hannuwa, na juya kai dama da hagu, na ce lafiyata ƙalau. Ya ce, "To alhamdu lillahi, abin ya tsaya a ƙarfe. Allah ya kiyaye gaba." Aka kira mai motar a waya, aka yi sulhu a kan zai biya fanel bita da fitila. Babu wanda ya ambaci inshora, alhali a watan ne 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kan takardarta, wadda tun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motocin gida, kuma ba gyaran mota kaɗai ta shafa ba, har da raunin wanda aka buge. Mu dai a wurinmu takarda ce ta nunawa a shingen hanya. Na ce wa yaron na yafe sauran. Ban san sauran yana wuyana ba.

Rana ta biyu ta fi ta farko muni, ta uku ta fi ta biyu. Ciwon kai ya shigo, irin mai farawa daga ƙeya ya zagayo bayan ido. Da Hajiyarmu ta ji an ce wuya ya sanƙare, hankalinta ya tashi, domin zafi ya fara shigowa kuma ta san abin da sanƙarau ke yi a irin wannan lokaci. Sai da ta taɓa goshina da kanta ta ji babu zazzaɓi sannan ta zauna. Uwargida ta duƙufa da ruwan zafi da tawul da man zafi. Yaron kemis ɗin unguwa ya haɗo mini diclofenac da wata ƙwaya. Wanzaminmu ya ce mataccen jini ne, a yi ƙaho. Yaya kuma ya ce in shirya gobe da safe zai kai ni wajen mai ɗori, kuma Yaya ba a yi masa musu.

Mai ɗorin dattijo ne, gadon gidansu ne, kuma ba zan ce ya cuce ni ba. Ya shafa, ya latsa nan da can, ya ce, "Babu karaya, babu gocewa. Jijiya ce ta harɗe." Ya ce zai ja wuyan ya saita shi. Hannunsa ɗaya na kama haɓata, ɗayan na kama ƙeyata, sai na ji gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, yau a tsaya a shafa da tofi." Ya yi dariya ya ce malaman boko akwai tsoro. Tsoron nan dai na gode masa daga baya.

A rana ta shida na je asibiti. Na yanki kati da ƙarfe bakwai, ban ga likita ba sai da rana ta take. Ya tambaye ni ko hannu yana yi mini nauyi ko dindiris, ko ina jin jiri, ko na suma a lokacin. Duk na ce a'a. Aka ɗauki hoton wuya, ya ɗaga shi a hasken taga ya ce ƙashi lafiya lau. Ya rubuta magani, ya kuma rubuta wata 'yar takarda zuwa sashen gashin ƙashi. Na ninke ta na sa a aljihu, can ta kwana kusan mako uku, har ta shiga wanki sau ɗaya.

Dalilina a lokacin gani nake yi mai ƙarfi ne. Hoto ya ce babu komai. Gashin ƙashi kuwa, a sanina, na masu shanyewar ɓarin jiki ne, da waɗanda aka kwance wa filasta bayan karaya, da yaran da suka makara ba su yi tafiya ba. Ni da nake tafiya da ƙafata me zan je yi? Sai na yi wa kaina likita. Na shiga shagon kayan asibiti na sayi kwalar soso, irin wadda ake ɗaura wa wuya, na ɗaura ta kwana goma sha biyu, dare da rana, wanka da alwala kaɗai ke raba ni da ita. Ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi. Zafi ya ragu, kuma a karon farko mutane suka yarda ba ni da lafiya. A ɗakin jarrabawa ɗalibai sai "sannu Malam" suke yi, har masu satar amsa suka ji nauyina.

Ranar da na cire ta na ji kamar an ɗora mini tulu a kan tsinke. Wuyan ya ƙara ƙagewa, ga rashin ƙarfi. Ga ƙwayoyin nan sun fara ƙona mini ciki, azumi kuma ya kama, babu damar sha da rana. Asham ta zama mini aiki: sallama biyar kafin a kai shafa'i da wutiri, kowacce da ƙirji nake yin ta, ruku'u kuwa kamar ana rataya mini dutse. Amma abin da ya tura ni asibiti ba wannan ba ne. Wata safiya ina fitar da mota da baya daga gida, na kasa waiwayawa, na dogara da madubi, sai ihun uwargida na ji. Keken ɗan maƙwabcinmu na taka, yaron ya sauka daga kansa bai fi da daƙiƙa biyu ba. Na kashe motar na zauna a ciki na daɗe. Da na shiga gida na nemo takardar nan da ta sha wanki.

Zauren jira na sashen ya sa na ji kunya. Ga wani dattijo yana koyon taku tsakanin ƙarafa biyu, ɗansa na biye da shi. Ga wata mata da yaro a cinya wanda wuyansa bai tsaya ba. Ga wani direban adaidaita sahu da ƙafa ta ƙanƙance bayan watanni a filasta. Na kusa juyawa. Sai aka kira sunana.

Wanda ya gan ni yaro ne da zai iya zama ɗalibina. Na zaci zai nuna mini gado ya kunna na'ura. Maimakon haka ya ja kujera ya yi kusan minti ashirin yana tambaya. Daga ina aka buge ka? Kanka yana kallon gaba ko ka karkata? Ka ga motar tana zuwa ko ba ka gani ba? Yaushe zafin ya fara, a take ko washegari? Da matashi nawa kake kwana? Awa nawa kake yi a sunkuye? Tun ranar haɗarin babu wanda ya tambaye ni yadda kaina yake a lokacin, kowa bamba yake tambaya. Daga nan ya ɗauko 'yar gudumar roba ya bubbuga gwiwar hannuna, ya ce in matse yatsunsa da iya ƙarfina, ya shafa auduga a hannun dama da na hagu ya ce in faɗa ko ji ɗaya ne. Sannan ya ɗauko wata roba mai kama da abin auna kusurwa na ɗalibai, ya ce in juya iyakar iyawata. Dama digiri 35, hagu 45. Ya ce lafiyayyen wuya yakan kai 70 zuwa 80.

Ya jawo wani ƙwarangwal na roba ya nuna mini. Ƙasusuwan wuya bakwai ne, a jere, laka ta ratsa ta tsakiyarsu, kuma a kansu aka ɗora kai mai nauyin kusan kilo biyar, kamar matsakaiciyar kankana. Idan aka bugi mota daga baya, kujera takan tura gangar jiki gaba, kai ya rage a baya, sannan ya wurgo gaba, duk a ƙasa da rabin daƙiƙa. Ya ce shi ya sa Turawa suka ba ciwon sunan bulala. Abin da ke jin jiki tsoka ne da jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan da ƙananan gaɓoɓin da ke tsakaninsu, kuma hoton da aka yi mini ƙashi kaɗai yake nunawa. Zafin kan makara domin firgici yana rufe shi da farko, kumburi kuma yana ɗaukar awanni kafin ya taru. Akwai wani rabe-rabe da likitoci a Kanada suka fitar a 1995, daga mataki na 0 zuwa na 4. Na huɗu karaya ce ko gocewa. Na uku shi ne idan jijiyar da ke sauka hannu ta taɓu. Nawa na biyu ne: zafi da ƙagewa, amma hannu lafiya.

Da na ba shi labarin mai ɗori sai ya daina murmushi. Ya ce wuyan da aka buga ba a fizgarsa kafin a tabbatar ƙashi lafiya, domin in akwai tsaga aka ja, lakar ce a hannun Allah. Da na ba shi labarin kwala kuwa sai ya riƙe baki. "Kwana goma sha biyu, Malam? Wa ya rubuta maka?" Na ce ni. Ya ce, "To kai ka ƙara wa kanka mako biyu. Wuya ba karyayyiyar ƙafa ba ce da za a ɗaure. In ka hana shi motsi, tsokar sai ta saki aiki, kai kuma sai ka ƙara jin tsoron juyawa." Ya ce zafin da nake ji in na juya ba alamar ina yaga wani abu ba ne. Amma ya lissafa mini abubuwan da in na gani kada in jira ranar dawowa: hannu ko ƙafa su mutu ko su rasa ƙarfi, jiri mai tsanani, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, tafiya ta rikice, ko fitsari ya ƙi riƙuwa.

Sannan ya ba ni aikin. Ya ce in kwanta rigingine, in ɗan gyaɗa kai ƙasa kaɗan, kamar mai cewa "to" a cikin taro ba ya son a gan shi, in riƙe daƙiƙa goma. Na yi dariya a zuciyata, na ce wannan na biya wa kuɗi? Ban kai daƙiƙa biyar ba haɓata ta fara rawa, manyan jijiyoyin gaban wuya suka miƙe kamar igiyar guga. Ya ɗora yatsa a kansu ya ce, "Waɗannan ba su nake nema ba. Akwai ƙanana a can ciki, su ne suka yi barci." Sai da muka yi sau shida kafin na kama yadda ake yi. Ya ƙara mini juya kai a hankali zuwa inda zafi ya fara, ba inda ya ƙare ba, da matse allunan kafaɗa baya kamar zan riƙe alli a tsakaninsu. Ya tambaye ni me nake yi sau da yawa kullum ba fashi. Na ce salla. Ya ce to bayan kowace salla, kafin in naɗe darduma, minti biyar. Matashi ɗaya, ba biyu ba. In ina karatu ko duba waya, kowane rabin awa in tashi.

A zama na biyu na haɗu da abin da mutane ke kira gashin. An kunna mini wata jar fitila mai ɗumi a ƙeya, sannan aka manna wasu 'yan faci masu waya, wuta na bi ta cikinsu kamar kiyashi na yawo a fata. Kai, wannan abu da daɗi yake, ga azumi, har gyangyaɗi na yi. Na fito wuya sakayau, amma kafin a sha ruwa ya koma yadda yake. A zama na uku na roƙe shi ya ƙara mini minti goma a na'ura. Ya ce, "Malam, wannan tana rage zafi ne don ka samu ka yi atisaye. Ba ita ke gyaran ba." Ban ji daɗin maganar ba. Gani nake yi rowa ce.

Ranar zama na huɗu aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Da idona na ga mutum uku sun tattara sun tafi, ɗaya yana cewa tun da babu gashi zaman me zai yi. A nan na fara zargin sunan da muka ba wannan aiki. Mun ce gashin ƙashi, sai kowa ya zo yana jiran a gasa shi kamar tsire, ya kwanta a yi masa. Ni ma don na riga na biya ne na tsaya. Kuma zaman nan da babu na'ura ya fi sauran amfani. Ya sa hannu ya motsa gaɓoɓin wuyan a hankali, ba fizga, ba ƙara. Ya gano ina ɗaga kafaɗa in zan juya, ya gyara. Ya kawo kujera ya ce in nuna masa yadda nake waiwaye in zan yi baya da mota, muka yi ta maimaitawa. Ya ƙara mini tura goshi a tafin hannu ba tare da kai ya motsa ba.

Sai na ɓata rawata da tsalle. Makarantu sun tafi hutu tun ƙarshen Fabrairu, takardun jarrabawar zango na biyu kuma na jibge su saboda wuya, har aka fara kirana a waya. Da na ji sauƙi na zauna a tabarma bayan asham, na sunkuya a kansu har ƙarfe ɗaya na dare, kwana biyu a jere. Na tashi sahur wuya ya koma gidan jiya. Na je zama na biyar a fusace, na ce masa kuɗina da wahalata sun tafi a banza. Bai yi musu ba, ya ɗauko robarsa ya auna. Dama 60. Ya nuna mini 35 da ya rubuta ranar farko. Ya ce tashin ciwo irin wannan ana yin sa, kwana biyu ko uku ya kwanta. Sannan ya tambaye ni sau nawa na yi atisaye a makon. Da azumi a bakina ban iya ƙarya ba. Tun ranar da na ji sauƙi na daina.

Zama goma aka rubuta mini, shida na yi. Kowane zama kuɗinsa ya kai cefanen gidana na kwana biyu, ban da mai, ban da rabin yini a layi, kuma da ba a hutu muke ba da sai na nemi izini kowane zuwa. Saboda haka a zama na ƙarshe, bayan salla da mako biyu, na tambaye shi kai tsaye: "Likita, tsakaninka da Allah, da ban zo ba da zan warke?" Ya ce mai yiwuwa ne ƙwarai, domin mutane da yawa masu irin nawa sukan warware cikin wata biyu zuwa uku. Amma akwai waɗanda ke kai shekara suna fama, kuma an fi ganin haka ga wanda zafinsa ya yi tsanani tun farko. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2013. Waɗanda ciwon bai sake su ba bayan makonnin farko aka raba su biyu, wasu aka ba su zama ɗaya na shawara, wasu har zama shida. A wata na huɗu masu zama shida sun ɗan yi gaba. A wata na takwas da na goma sha biyu kuwa babu wani bambancin kirki. Na yi mamakin mutum ya faɗi abin da zai rage masa ciniki.

Ni dai ga lissafina. Zaman farko ko ninki biyu aka ce in biya zan biya, kuma a makon farko ya kamata in yi shi, kafin kwala, kafin cikina ya ƙone, kafin keken yaron nan. Shi ne ya tabbatar mini jijiyar hannu lafiya, ya cire mini tsoron motsi, ya ba ni abin yi. Biyu daga cikin sauran sun yi amfani wajen gyara kuskurena. Ragowar, in ban da daɗin jar fitila, babban aikinsu shi ne na san akwai wanda zai auna ni ya kama ni in na yi lalaci. Wani abokin aikina an taɓa buga masa mota irin haka, kwana huɗu ya warware, shi ba shi da abin da zai je nema. Wanda kuwa ya shiga mako na biyu yana sallama da ƙirji, ni zan ce ya je ko sau ɗaya ne, kuma ya tabbatar wurin masu aikin ne na gaskiya. Karatu ne na aƙalla shekara biyar a jami'a, Jami'ar Bayero ma tana yaye su, sannan akwai hukumar MRTB da ke yi musu rajista. Ba kowane mai shago da na'urar tausa ba ne.

Awon ƙarshe ya nuna 72 dama, 74 hagu. Da zan tafi ya ce zai raka ni ya ga motar. Ya buɗe ƙofa ya duba matashin da ke saman kujerar direba. Yana can ƙasa daidai ƙeyata, yadda mai motar na farko ya bar shi, shekara shida ban taɓa taɓa shi ba. Ya ce samansa ya kamata ya yi daidai da saman kai, kuma ya matso kusa da ƙeya, don kai ya samu abin da zai tare shi. Ya danna wani ɗan maɓalli ya ja shi sama, ƙas, ƙas. Bai ɗauki daƙiƙa uku ba.

Har yanzu in na daɗe a kan waya ko na yi doguwar tafiya, ƙeyar takan yi mini magana, sai in koma ga gyaɗa kan nan na kwana biyu. Fentin da fanel bita ya shafa wa bamba kuma bai dace da na motar ba, ya fi shi haske. Ina jin da shi yaron kurkurar ya gane ni kwanakin baya, a danjar nan dai. Ya tsaya a bayana ta hannun dama, da tazara mai kyau wannan karon, ya leƙo yana ɗaga hannu: "Alhaji! Ya mota?" Na waiwaya na dube shi sosai, hannuwana biyu na kan sitiyari, na ce mota lafiya lau.